Me ya haɗa maiƙo da fararen ƙwayoyin jini, kuma me ya sa maganin ciwon haƙori ya tayar wa Yayata da asma?

Tambaya daga wata ɗalibar sashen haɗa magunguna, 'yar aji uku a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato: "Assalamu alaikum Malam. A aji an ce mana akwai saƙonnin da jiki yake yi da maiƙo, su suke kiran fararen ƙwayoyin jini. Na haddace sunayensu amma abin bai zauna mini ba. Ga shi a hunturun nan Yayata mai asma ta sha burufen saboda ciwon haƙori, ba a yi awa ɗaya ba numfashinta ya sarƙe, sai a asibiti muka kwana. Inna ta ce man gyaɗa ne ya yi mata yawa. Akwai alaƙa?"

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Yayarki lafiya, ya sa kaffara ne. Alaƙa kam akwai, kuma mai ƙarfi. Abin da kika gani a daren nan shi ne ainihin darasin da aka yi muku a aji, don haka zan bi da ke daga tushe har mu iso kan gadonta.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu lulluɓe take da tantani mai hawa biyu, kuma da maiƙo aka yi shi. A cikin wannan tantanin akwai wani maiƙo mai suna arakidonik, mai jerin kabon 20, a ɗaure a wurinsa. Muddin yana ɗaure, tubalin gini ne kawai. Amma da zarar ƙwayar ta ji rauni, ko ta hangi kwayar cuta, sai kalsiyam ya kwararo cikinta, wani inzayim, wato sinadarin da ke saurin gudanar da aiki a jiki, mai suna fosfolifes A2, ya taso ya yanko arakidonik daga tantanin. Daga nan ake ƙera saƙo. Ki riƙe wannan sosai, don shi ne ya bambanta saƙonnin maiƙo da histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da borin jini. Histamin a shirye yake, an ƙunshe shi cikin 'yan jakunkuna ana jiran ranar zubarwa. Saƙon maiƙo kuwa ba a ajiye shi. A take ake ƙera shi, cikin daƙiƙu ko mintuna, kuma a take yake lalacewa. Turomboksen A2, misali, rabinsa yana watsewa cikin kusan daƙiƙa 30. Abin da ba ya daɗewa ba ya nisa. Insulin wasiƙa ce da ake aikawa ko'ina cikin jiki ta jini, waɗannan kuwa magana ce ta kan katanga tsakanin maƙwabta.

Yankakken arakidonik yana tarar da hanyoyi a gabansa, manya guda biyu. Ta farko inzayim COX ne yake tsaronta, mai iri biyu, COX-1 da COX-2, kuma ita take fitar da furostagilandin. Ta biyu 5-LOX ne, wanda galibi a fararen ƙwayoyin jini ake samunsa, ita take fitar da lukotirayin. Sunan ma daga can ya samo asali: Bengt Samuelsson na ƙasar Suwidin ya raɗa shi a 1979 saboda a fararen ƙwayoyin jini ya gano su. Shi da malaminsa Sune Bergström da John Vane na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1982 a kan wannan fanni. Vane shi ne ya nuna a 1971 cewa aikin asfirin toshe hanyar furostagilandin ne, bayan mutane sun shafe shekara fiye da 70 suna shansa ba a san yadda yake aiki ba.

Yanzu ɗauki manomi a fadamar Gulbin Rima, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa ta karye a ciki. Masu gadin da suke zaune a fatar, wato makrofej da ƙwayoyin mas, su ne na farkon ji. Suna fitar da furostagilandin E2, wanda za mu riƙa kira PGE2. Shi yake buɗe ƙananan hanyoyin jini, wurin ya yi ja ya ɗauki ɗumi. Shi yake sa jijiyoyin jin zafi su yi laushi, har taɓawar da ba ta kai ta kawo ba ta zama azaba. In an ƙera shi a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kuma, shi yake ɗaga ma'aunin zafin jiki, wanda shi ne zazzaɓin da muke fama da shi a damina. Amma PGE2 buɗe ƙofa kawai ya yi. Mai kiran mayaƙa daban ne, shi ne lukotirayin B4, LTB4.

A nan nake son in ɗan daɗe, don a wurina babu abin da ya kai shi ban sha'awa a duk fannin.

Nutrofil su ne suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini. Ɓargo yana fitar da kusan biliyan 100 nasu kowace rana, suna yawo cikin jini da gudu, ba su san inda ƙayar take ba. A jikin kowane nutrofil akwai makarɓa mai suna BLT1, wadda masu bincike a Tokiyo suka gano tsarinta a 1997. Da LTB4 ya zauna a kan wannan makarɓa, sai saƙo ya ratsa ciki, ƙugiyoyin da suke jikin nutrofil su miƙe su kama bangon jijiyar jini. Wanda da yake gangarawa kamar ƙwallo sai ya tsaya cak, ya baje, ya kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ya fita cikin nama. To daga nan ina zai nufa? Ba shi da ido. Abin da yake yi shi ne gwada yawan saƙon da ke gabansa da wanda ke bayansa. In gefe ɗaya ya ɗan ɗara ɗayan, ko da kaɗan ne, can zai mayar da goshinsa ya riƙa jan jiki.

Matsalar ita ce na gaya miki saƙon ba ya nisa. Yaya za a yi nutrofil da ke can nesa ya ji? A 2013 Tim Lämmermann da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton abin mai motsi a fatar kunnen ɓera mai rai. Suka ga nutrofil kaɗan na kusa su suke fara isa wurin raunin. Da sun isa sai su ma su soma ƙera LTB4 da kansu, wanda ya ji shi ma ya ƙera, na bayansa ya karɓa. Kin san yadda kuwwa take tafiya a unguwa in gobara ta tashi. Muryar mai gida ba ta wuce gida uku, amma maƙwabci ya ɗauka, na gaba ya ɗauka, kafin a jima mutanen da ba su ma ga hayaƙi ba sun fito da bokitai. Haka nutrofil suke taruwa, su yi wa wurin ƙawanya kamar kudan zuma. Da aka gwada nutrofil da ba su da BLT1, na kusa sun zo, na nesa ba su amsa yadda ya kamata ba. Akwai kuma wata hikima: in nutrofil ya matso kusa har ya ji ƙanshin ƙwayar cutar kanta, sai ya fifita wannan a kan LTB4. Saƙon maiƙo rakiya yake yi masa zuwa bakin daga, ba ya riƙe shi a hanya. Mugunyar da za ta taru a ƙafar manomin nan bayan kwana biyu, mafi yawanta gawarwakin waɗannan nutrofil ne.

Tun da ke ma'aikaciyar lafiya ce ta gobe, bari in ratse in gaya miki wani abu. Littattafanku za su ce adadin fararen ƙwayoyin jini 4,000 zuwa 11,000 ne a kowace maikurolita. Yawancinmu 'yan Afirka ta Yamma ba mu da alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininmu, kuma masu irin wannan gado sau da yawa nutrofil ɗinsu a gwaji yakan fito ƙasa da na Turawa, alhali lafiyarsu ƙalau, kiran yana isa kuma suna amsawa. Na sha ganin an tayar wa mutum hankali a kan wannan, kuma abin yana damuna.

Mu koma ƙirjin Yayarki. Hanyar 5-LOX ba LTB4 kaɗai take fitarwa ba. Da farko tana yin wani abu mara juriya mai suna LTA4, sai hanyar ta rabu. Nutrofil yana mayar da shi LTB4. Ƙwayoyin mas da iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kuwa suna liƙa masa wani sinadari mai suna gulutatayon ya zama LTC4, daga nan LTD4, daga nan LTE4 wanda ake iya aunawa a fitsari. Waɗannan ukun tarihinsu ya haɗa da maciji. A 1938, a Ostareliya, Feldberg da Kellaway suka zuba dafin gamsheƙa a huhun ɓeran masar, suka ga huhun ya fitar da wani abu da yake matse tsoka a hankali amma ya daɗe bai saki ba. Dafin gamsheƙa cike yake da fosfolifes A2, wato macijin ya zo da almakashin da ke yanko arakidonik. Shekara 40 aka yi ana kiransa "abu mai aiki sannu-sannu" kafin Samuelsson ya gane lukotirayin ne. Wajen matse bututun iska, ƙarfinsu ya ninka na histamin har kusan sau 1,000. Suna sa majina ta ƙaru, bangon bututun ya kumbura, kuma suna gayyato ƙarin iyosinofil, waɗanda su ma za su ƙera wani. Wannan ya sa firiton ba ya kwantar da asma: histamin yake tarewa, mai babban laifin yana can yana aikinsa. A hunturunmu, ga hazo ga busasshiyar iska mai sanyi, ƙwayoyin mas na mai asma dama a tsaye suke.

To me burufen ya yi? Burufen da asfirin da dikilofenak da feldin duk gidansu ɗaya, duk suna toshe COX. Bayanin da aka fi yi wa ɗalibai shi ne an toshe hanya ɗaya sai arakidonik ya malala ta ɗayar, kamar ruwan da aka datse wa lambatu. Wannan bayani yana da sauƙin haddacewa amma bai isa ba, don in da haka ne, da duk wanda ya sha burufen ya shaƙe. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne PGE2 a huhu linzami ne. Wanda a ƙafar manomi yake kawo zafi, a huhu yana zama a kan makarɓar EP2 ta ƙwayoyin mas da iyosinofil yana lallashinsu, yana hana 5-LOX zaƙewa. Akwai wasu masu asma da dama can lukotirayin ɗinsu ya yi yawa, linzamin nasu kuma siriri ne, da ƙyar yake riƙe da su. Ƙwaya ɗaya ta burufen ta toshe COX-1, PGE2 ya faɗi, linzami ya tsinke. Cikin rabin awa zuwa awa uku sai hanci ya toshe, ido ya yi ja, ƙirji ya kama. An ma gano cewa a jinin irin waɗannan mutane, ƙwayoyin daskarar da jini sukan manne a jikin fararen, nutrofil ya miƙa musu LTA4, su kuma su mayar da shi LTC4. Ƙwaya biyu kenan suka haɗa hannu suka ƙera abin da ɗaya ba za ta iya ita kaɗai ba.

Wannan lalura sananniya ce. Samter da Beers sun siffanta ta a 1968: asma, da tsiron nama a cikin hanci, da rashin jituwa da asfirin. Tana samun kusan 7 cikin 100 na manya masu asma, ta fi yawa ga masu asma mai tsanani, kuma yawanci da girma take farawa. Ban duba Yayarki ba, don haka likitanta ne zai tabbatar. Amma ki tambaye ta: hancinta yana yawan toshewa? Tana jin ƙanshin girki kamar da? In ta ce ƙanshi ya daɗe da ɓace mata, ki gaya wa likita, a leƙa hancin. Kafin nan kada ta sake shan komai daga wancan gidan. Ki kula musamman da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a wasu shagunan magani, na ciwon jiki ko na gajiya, da hodar ciwon kai ta cikin takarda, don da yawansu akwai asfirin ko dikilofenak a ciki ba tare da mai saye ya sani ba. Farasitamol yawancinsu suna ɗaukarsa lafiya in bai kai giram ɗaya a sha guda ba. Akwai kuma selekoksib, mai toshe COX-2 ya ƙyale COX-1, amma shan farko a gaban likita ya kamata a yi shi.

In an rubuta mata montelukas, yanzu kin san aikinsa: yana zama a kan makarɓar da LTD4 yake nema. An fara amfani da shi a 1998. Ba ya maye gurbin inhela mai sitiroid, kuma ba maganin gaggawa ba ne. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda wasu yana kawo musu mugun mafarki, ƙunci, har da tunanin kashe kai. In kun ga halinta ya sauya, ku koma wurin likita da wuri.

Akwai sashen labarin da ba a cika koyarwa da kyau ba, wato yadda taron yake watsewa. An daɗe ana zaton kumburi yana mutuwa ne don kansa, kamar wutar da itace ya ƙare mata. A 1984 Charles Serhan da Samuelsson suka gano lifoksin, wanda shi ma daga arakidonik ake yinsa, amma saƙonsa ga nutrofil shi ne ya tsaya, kada ya ƙara shigowa. Daga baya Serhan ya nuna cewa PGE2 ɗin nan da ya buɗe ƙofa tun farko, shi ne kuma yake juya nutrofil daga ƙera LTB4 zuwa ƙera lifoksin. Ma'ana tun ranar da aka yi kiran aka shirya sallama. Shi nutrofil da ya gama aiki, mutuwarsa ma da maiƙo yake sanar da ita. Akwai wani mai suna fosfatidilserin da koyaushe yake fuskantar cikin ƙwaya. In nutrofil zai mutu sai ya juyo da shi waje, makrofej ya gani ya haɗiye gawar tun ba ta fashe ta zubar da gubarta ba. Makrofej ɗin da ya ci irin wannan gawa kuwa halinsa yakan sauya, ya bar faɗa ya koma gyara da ɗinki. A farkon shekarun 2000 aka ƙara da rizolbin, waɗanda ake yi daga maiƙon kifi. A kan waɗannan har yanzu masana suna jayayya game da yawansu a jikin mutum da ingancin awonsu, don haka ina jan kunnenki game da masu tallar ƙwayoyin man kifi da sunansu.

Wannan amfani na furostagilandin ne ya sa nake ƙin ɗabi'ar shan dikilofenak safe da yamma don a ji daɗin aiki, wadda nake gani wurin masu dako da 'yan kabu-kabu da masu gini. Furostagilandin ɗin da ake toshewa shi yake kare bangon ciki daga asid, shi yake buɗe wa ƙoda hanyar jini lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Ki tuna zafin Sakkwato a watan Afrilu, ya haura digiri 40, mutum yana zufa tun hantsi, wataƙila da azumi a bakinsa, sannan ya kawo ƙwaya biyu ya watsa da asuba. Ƙodarsa a lokacin da furostagilandin take dogara. Masu sikila su ma a yi hattara da su, don ƙodarsu dama tana cikin wahala. A cutarsu ma wannan fannin yana da hannu: an lura wani nau'in fosfolifes A2 yana hauhawa a jininsu kwana ɗaya ko biyu kafin wani mummunan ciwon ƙirji da yake kama masu sikila ya bayyana.

Wani saƙon maiƙo da za ki haɗu da shi a jarrabawa shi ne S1P, wanda ba daga arakidonik yake ba, daga wani maiƙo mai suna sifingosin yake. Nasa aikin da limfosayit ne, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Yana da yawa a jini, jajayen ƙwayoyin jini suna cikin masu samar da shi, amma a cikin kaluluwa kaɗan ne don akwai inzayim mai rusa shi. Limfosayit da ya gama zamansa a kaluluwa sai ya bi ƙanshin S1P ya fito. Maganin fingolimod, wanda aka samo asalinsa daga wani naman gwari aka kuma amince da shi a 2010, yana sa limfosayit ya haɗiye makarɓarsa, ya kasa gane ƙofar fita, ya zauna a kaluluwa bai je ya ci rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba, kamar yadda yake yi a cutar da ake ba da maganin dominta.

Sai maganar Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ambaci mai, don man gyaɗa yana da wani maiƙo mai suna linoleyik, kuma daga linoleyik jiki yake iya yin arakidonik. Sai dai jiki yana taƙaita wannan juyi ƙwarai. An gwada ƙara wa manya linoleyik a abinci, arakidonik ɗin jininsu bai tashi a zo a gani ba. Kuma ko da tantanin ya cika da shi, ba ya zama saƙo sai fosfolifes ya yanko shi. Don haka ƙuli-ƙuli da suyar man gyaɗa ba su suka kai Yayarki asibiti ba, in dai ba tana da borin jini da gyaɗar kanta ba, wanda wannan wata lalura ce daban. Cin kifi yana da kyau, na Kwalkwalawa ko na gwangwani, kodayake na teku irin su sadin da taitus sun fi na gulbi irin maiƙon da ake magana a kai. Amma kifi ba zai gyara siririn linzami ba.

Ki samu ɗan kati ki rubuta mata sunayen asfirin, burufen, dikilofenak, feldin da indosid, da ranar da abin ya faru da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin numfashin ya kama. Ta riƙa yawo da shi tare da inhelarta, ta nuna wa duk wanda zai ba ta magani ko allura. Likitan haƙorin da za ta je wurinsa shi ne na farko da ya kamata ya gani, tun da haƙorin yana nan ba a gyara ba, kuma maganin da aka saba bayarwa bayan cire haƙori daga wancan gidan yake.